Ɗakin da Na Ba Yayana a Paris

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaɓa wa mutane wurin kwana a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Aikina ke nan a wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye a Jidda, a hawa na biyu, saman wani shagon labule. Mai ofishin shi ne kafilina, wato mai tsaya min a wurin hukuma, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a ƙarƙashinsa take, kuma ya ɗauke ni ne saboda ɗan Faransancin da na tsinta a bakin 'yan Nijar na unguwarmu, na ƙarasa shi da wani tsohon littafi marar bango. Larabci kuwa da shi na buɗe baki, don a unguwar Karantina, nan cikin Jidda, aka yanke cibiyata, ko da yake fasfona na ƙasar iyayena ne.

Masu zuwa wurinmu ba manyan attajirai ba ne. Waɗancan suna da gidajensu a can, ba sa neman shawarar kowa. Namu malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da masu ƙananan shaguna, waɗanda in zafi ya taso suke son kwasar iyali su yi kwana biyar ko mako a Turai, su dawo da hotunan nuna wa maƙwabta. Otal mai tauraro uku suke nema, wanda ba zai zubar da mutunci ba, ba kuma zai yashe aljihu ba.

An ce yabon kai jahilci, to ni dai na iya aikin. Ban taɓa yarda da hoton cikin ƙasida ba, domin kowane otal yana da ɗaki guda da ya ajiye don mai ɗaukar hoto. Waya nake bugawa. In tambayi ko banɗakin a cikin ɗaki yake, ko kuwa sai mutum ya fito da tawul a kafaɗa ya bi layi da Turawa. In tambayi ko akwai famfo kusa da masai, saboda mutumin da ya saba tsarki da ruwa, in ka kai shi inda takarda ce kawai, zai tsine maka tun daga can har ya sauka a Jidda. Sai maganar lif, ko zai ɗauki tsohuwa da jakunkunanta, da maganar mashaya a ƙasan benen, da ƙararrawar coci a maƙwabta. Amsar ba ita kaɗai nake saurare ba, har da muryar mai amsawa. In na ji ya yi tsaki ko ya ja numfashi a tambaya ta uku, sai in ce masa na gode, in soke sunansu.

Amma unguwa ta fi otal. Ina da taswirar kowane birni a ƙarƙashin gilashin teburina, na bi wasu wurare na shafe da jan fensir. Dokata ta farko, ba a sauke iyali kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutanen da kansu suke faɗa min dalili, suna kallon cikin idona.

"Ya akhi, ka gane ai. Ba ma son unguwar da baƙaƙe suka cika."

Wasu sai maganar ta fita sannan su tuna wanda suke faɗa wa, su yi saurin gyarawa: "Kai daban ne, wallahi." Ni kuma in yi dariya in ce su kwantar da hankalinsu. Zan faɗi gaskiya, ba haushi nake ji ba. Daɗi nake ji. Duk wanda ya ce min ni daban ne, sai na ƙara masa ƙoƙari wajen nemo ɗaki mai kallon lambu.

A tsakiyar ɗaya daga cikin jajayen wuraren nan, a taswirar Paris, bayan tashar jirgin ƙasa ta arewacin birnin, yayana yake zaune.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma hannunsa na da kyau. Kafilinsa ya rasu, magada suka yi ta ja masa rai har iƙamarsa ta mutu, sai wata rana da hantsi motar kame ta tsince shi a unguwar Mahjar da jakar kayan aiki a kafaɗa. Aka yi masa tarhil, wato aka mayar da shi ƙasar da bai taɓa gani ba sai a bakin Inna. Bai iya zama can ba. Ya bi sahara, ya bi teku, bayan shekara biyu muka ji muryarsa daga Faransa. Lokacin kaset ake aikawa. Duk bayan wasu watanni wani mai umara zai zo da shi a aljihu, mu kewaye rakoda muna ji. Yaya zai gaishe da kowa har mai kantin bakin layi, amma game da kansa kalma biyu ce: ana lallaɓawa.

Ya bar mata a gidanmu. Aurensu shekara ɗaya da 'yan watanni aka kama shi, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ta zauna shekara bakwai tana jiransa a ɗakinsa. Da safe tana soya waina a ƙofar gida, ma'aikata su saya su wuce. Sauran yinin na Inna ne, don ciwon suga ya ci ƙafafunta, matar Yaya ce ke wanke su tana shafa magani. 'Yan'uwanta maza suna unguwar Sa'alaba, kowace Sallah sai sun zo sun ce ta bari a je wurin malam a raba auren nan, ƙuruciyarta na tafiya. Amsarta ba ta canzawa: mutumin da ke cikin wahala ba a ƙara masa wata.

Ni da ita akwai wasan ƙanin miji. Ƙaramin miji take ce min, Paris kuma Baris take cewa, kamar Larabawa.

"Ƙaramin miji, kai da kake tura Larabawa Baris kullum, yaushe za ka tura ni?"

"Sai ranar da kika koyi cin shinkafa da cokali mai yatsu."

"Yalla can, ɗan rainin wayo. Ni na wanke maka wando."

Ƙarya take yi, ba ta taɓa wanke min wando ba, amma tana ajiye min waina ta ƙarshe, wadda ta fi soyuwa, ko na makara.

A shekarar da nake ba da labari na yi aure, na bar Karantina na kama haya can arewa da gari. Matata dangin Hausawa ce, amma kakanninta sun daɗe da samun takardar zama 'yan ƙasa. Tana jin Hausa, da Larabci take amsawa, kuma in mun je gaishe da Inna tana tattare abayarta tun daga bakin layi saboda ruwan kwata. Na gaya wa iyayenta yayana yana kasuwanci a Faransa. Ba su tambayi na me ba, ni ma ban ƙara ba.

Sai ga maigidana ya kira ni ya ce wani kamfanin otal-otal da muke hulɗa da shi ya ba ofis kwana biyar a Paris, a kowane reshensu aka zaɓa, kuma shi ya gaji da Paris. In ɗauki amarya mu je, zai rubuta min takardar biza. Ban san lokacin da na sumbaci kansa ba.

Ranar Juma'a na je na gaya wa Inna. Ta ɗaga hannu sama ta yi ta hamdala, ta ce ashe za ta ga wanda ya ga ɗanta kafin ta mutu. Nan da nan ta fara lissafin yadda Yaya zai tarbe mu. Sai na sa baki a hankali.

"Inna, maktab ya ba mu funduƙ."

Maktab shi ne ofis, funduƙ kuma otal, a bakinmu na Jidda. Dole mutum ya san gidanmu kafin ya gane abin da na faɗa. Ɗaki biyu gare mu, amma duk lokacin aikin Hajji sai sun cika da mutanen Damagaram, wasu ma ba mu san ta ina muka haɗa jini ba, mu yara a kora mu saman rufi. Ban taɓa jin Inna ta tambayi baƙo ranar tafiyarsa ba. A wurinta otal na mutum biyu ne: wanda ba shi da kowa, da wanda ke da abin ɓoyewa.

Ta ajiye carbinta a kan tabarma.

"Funduƙ? A garin da yayanka yake numfashi? Mutane su ce me, ya mutu ne ko kun raba uwa?"

"Ba haka ba ne, Inna, aikin ne..."

"Halas. Ko a kan tabarma yake kwana, ku raba ta. In ka kwana a funduƙ ko dare ɗaya ne a garin nan, ban yafe maka ba."

Matar Yaya na zaune tana tsince shinkafa, ta ji komai. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna."

Washegari na je ofis na zaɓi otal. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba. Rassa shida na buga wa waya. Na ƙi wani saboda yana kan babban titi, na ƙi wani saboda lif ɗinsu ya lalace, na ƙi na uku don kawai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke gabansa kai tsaye yake zuwa arewa, unguwar Yaya. Na tsaya a kan wani ƙarami a kudancin kogi, a wani lungu shiru, kusa da lambu, da gidan burodi a kusurwa. Na roƙi ɗaki a hawa na huɗu mai kallon itatuwa. Daga nan na buga waya shagon wani Basanagale inda ake kira wa Yaya, na ce masa muna tafe ranar Alhamis. Tikitinmu na Lahadi ne.

Saƙo kuwa sai da ya cika jaka guda. Inna ta ba da ruwan zamzam da dabino da yaji. Matar Yaya ta kawo jallabiya da ta sa aka ɗinka, da dambun nama da ta kwana biyu tana yi, da turaren wuta. Ta raka ni har bakin layi, abin da ba ta saba ba.

"Ƙaramin miji, don Allah ka duba min ɗakinsa da kyau. An ce sanyin can yana kisa. Ka duba ko yana da bargo."

Na ce mata har ƙarƙashin gado zan leƙa.

Ba zan yi ƙaryar cewa raina ya ɓaci a Paris ba. Na ji daɗi ƙwarai. Otal ɗin ya fito yadda na auna shi, har ya fi. Muka yi yawo, muka hau jirgin ruwa, muka ci burodi da zafinsa. Jakar saƙon tana cikin kabad, ƙamshin dambun na fitowa duk sanda aka buɗe, sai na sa ta a leda biyu na ɗaure.

Ranar Alhamis bayan azahar na ce wa matata zan je aikin ofis. Na ɗauki jakar saƙon, na canza jirgi sau biyu. Yaya na tsaye a bakin matakala, ashe tun safe yake wurin. Da ba shi ya kira ni ba, da na wuce shi. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu, yana tari mai zurfi. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba, ni kuma ina jin warin rigar sanyinsa ina tunanin tawa rigar.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa a daidai ƙafafun masu wucewa. Su biyar ke kwana ciki. Ya roƙi sauran huɗun su nemi wurin raɓawa na kwana uku saboda ƙaninsa zai zo da amarya. Ya ɗaura igiya ya rataya zani ya raba ɗakin biyu, ya aro katifa, ya sayo sabuwar buta da ko takardar jikinta ba a ɓare ba. A kan risho akwai shinkafa da miyar gyaɗa. Na duba, kamar yadda aka sa ni. Babu bargo. Rigar sanyin nan da ke jikinsa ita ce bargon.

"Ina amaryar? Ina kayanku?"

Na ce masa ofis ya sauke mu a otal, kuma jirginmu gobe da safe ne. Ya juya ya buɗe tukunya yana motsawa.

"Yaushe kuka zo?"

"Lahadi."

Na sha tambayar kaina abin da ya sa na faɗi gaskiya a nan. Ina jin don na san ba shi da inda zai kai ƙarata ne.

Ya zuba min abinci, ya tura min naman duka gabana. Ya ce da asuba yake sauke kaya a wata kasuwa da takardun wani. Ya tambayi ƙafar Inna. Da ya zo kan matarsa sai ya kasa, ya ɗauki jallabiyar ya riƙe kawai. Ban cika awa biyu ba na ce zan koma. Ya raka ni tasha, ya ba ni leda: rigar sanyi ta Inna, mayafi na matarsa. Ya ce in ce musu yana lafiya.

Da muka dawo Jidda na ja wa matata kunne kada ta ambaci otal a gaban Inna. Ta ɗaga kafaɗa, don dama ba hirarsu take yi ba. Na je Karantina ni kaɗai bayan la'asar, na tarar tsakar gida cike da matan maƙwabta, an zo jin labarin Baris. Na miƙa tsaraba. Inna ta shinshina rigar ta sa a fuska. Sannan ta yi tambayar da na san tana zuwa.

"Ɗakin fa? Ya ishe ku?"

Ina buƙatar ɗakin da na kwana biyar a ciki, kuma guda ɗaya na sani. Sana'ata ce sayar da ɗaki da baki, sai bakin ya kama aikinsa. Na ce akwai kafet mai laushi har ƙafa na nutsewa. Labule mai kauri, taga na kallon itatuwa. Ruwan zafi ba ya yankewa. Na ga fuskar Inna tana washewa, sai na ƙara wuta. Zanen gado fari tas, kullum sabo. Tawul a ninke gida uku a banɗaki, da ɗan sabulu mai ƙamshi. Har fure a cikin kofin gilashi a kan tebur.

Inna na share hawaye tana cewa Allah ya amsa addu'arta. Matar Yaya ta ce, "Bargo fa?"

"Har biyu. Masu nauyi."

Ta yi murmushi, ta sauke ajiyar zuciya. Da a nan na yi shiru, da wataƙila an tashi lafiya. Amma akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta goya Yaya yana jariri, ba a rufe tukunya a gabanta ba ta leƙa ba. Ta karkace kai.

"Wa ke ninke masa tawul ɗin?"

Na ce ai can haka ake yi.

"Su wa ke yi? Yaron da ko hularsa bai san inda ya jefa ba? Shi ne da fure a kofi?"

Mata suka kwashe da dariya. Matar Yaya ba ta yi ba. Ta dube ni, muryarta a kwance.

"Ka ce kullum zanen gado sabo. Shi ke canzawa?"

"Mukan fita yawo mu dawo mu tarar an canza."

"Shi yana gida ke nan?"

Na riga na cika musu kunne da yadda Yaya ya zaga da mu gari kullum, daga safe har yamma. Ba hanyar komawa. Na ce, "Yana tare da mu."

Dariyar ta tsaya. A Karantina ba wanda ya san ana biyan wata ta shigo ɗakinka ta gyara maka gado ta fita ba ku ga juna ba. Abin da suka sani, in namiji ya fita ya dawo ya tarar da gadonsa a gyare da fure a tebur, to akwai mace a gidan, kuma an ɓoye ta ne saboda baƙi. Tsohuwar ta ce, "Uhm," ta gyara ɗaurin kallabinta. Matar Yaya ta ninke mayafin da aka kawo mata, ta ajiye a gefen Inna, ta tashi ta je ta rufe ƙullun gobe.

Daga ranar ba ta ƙara ce min ƙaramin miji ba. Bayan mako biyu ta tare ni a soro.

"Na haɗa ka da Allah. Ka ga matar?"

"Wallahi ban ga kowace mace a ɗakinsa ba."

Ta gyaɗa kai, kamar dama abin da take jira ke nan. Ni kuwa na fita ina yaba wa kaina cewa ban yi rantsuwar ƙarya ba.

Na san maganin abin. Jimla ɗaya ce: a otal na kwana, yayana ba shi da ko bargo. Amma bayan jimlar akwai bakin Inna, da idon matan layinmu, da surukaina in labari ya kai musu cewa ɗan kasuwar Faransa ɗan dako ne. Na ɗora shekarunta bakwai a gefe ɗaya, kunyata ta yini guda a ɗaya gefen, kuma na zaɓi kaina. Ba ruɗewa na yi ba, ido biyu na zaɓa. Na ma riƙa gaya wa kaina ai taimakonta nake yi, tunda mutumin ba shi da ranar dawowa.

Matar Yaya ta aika aka kira babban wanta daga Sa'alaba. Rakodar gidan ta lalace, sai aka ce in zo da tawa. Ni na sa kaset, ni na danna. Ta zauna a gabanta da lulluɓi kamar mai gaishe da suruki. Ta yi wa Yaya sallama, ta tambayi jikinsa, sannan ta ce ta ji labarin ɗakinsa, da kafet da labule da furen da ake sa masa a kofi, Allah ya ƙara rufin asiri. Ta ce ba ta ƙi ya yi aure ba, namiji ne, shekarun da yawa. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ya bar ta tana kwana da tausayinsa, tana hana kanta cin nama in ta tuna shi. Ta ce ita mai wahala ta zauna jira, tunda wahala ta ƙare, ya aiko mata da takardarta. Inna ta karɓa, ta yi masa faɗan da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba, har ta ce ƙaninsa ya fi shi sanin darajar mutane. Na kashe rakoda. Ni na rubuta adireshi, don ni kaɗai na iya rubutun boko, ni na kai gidan waya.

Bayan kwana goma sha wani abu wayar ofis ta yi ƙara, ina tsakiyar nuna wa wani malamin makaranta taswira. Muryar Yaya ce.

"Ɗakin nan da ka ba ni, a wace unguwa yake? In je in gan shi."

Malamin yana ƙwanƙwasa gilashi da yatsa, Yaya kuma ya ci gaba.

"Ka ji ni. In ni na faɗa, za a ce kare kaina nake yi, kai ne ka gani da ido. Kuma ba na so Inna ta yi maka baki. Ka je da ƙafarka ka durƙusa ka faɗa mata, uwa ce, za ta huce. Zan jira ka Juma'a biyu."

Na ce masa insha Allahu.

Juma'a ta farko na je, na tarar da baƙi. Ta biyu na ce kaina na ciwo.

Wasiƙar Yaya ta zo ta akwatin ofis, don mu a Karantina ba mu da adireshin da ɗan saƙo zai gane. Na buɗe. Takarda biyu ce da Larabcinsa mai karkata. Ta farko layi uku: ya saki matarsa saki ɗaya, bisa roƙonta. Ta biyu tata ce ita kaɗai. Ya ce bai yi aure ba, ba shi da ɗaki, ba shi da komai sai ita. Ya ce ta tambayi ƙaninsa inda ya kwana, amma kada Inna ta ji. Ya ba ta takardar ne don kada ya riƙe ta dole. In ta yarda da shi, ta aiko masa ko da kalma ɗaya kafin iddarta ta cika, zai mayar da ita.

Na kai ta farkon. Wanta ya karanta a gaban Inna. Matar Yaya ta juyo wurina.

"Shi ke nan? Bai ce komai ba?"

"Shi ke nan."

Ta biyun na sa ta a aljihun teburina, ƙarƙashin ƙasidu. Wata uku tana nan. Kowace safiya in na jawo aljihun neman wani abu sai na ga gefenta. Sau biyu Yaya ya bugo waya, na yi wa abokin aikina alama ya ce na fita. Bai ƙara bugowa ba. Ina jin ya ɗauki shirunta a matsayin amsa. Ita kuwa a gidanmu ta yi iddar, tana wanke ƙafar Inna kamar kullum, tana koya wa 'yar maƙwabta yadda ake shafa maganin.

Ranar da ta cika, 'yan'uwanta suka zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Kayan ba su da yawa. Ta durƙusa gaban Inna ta nemi gafara, suka yi kuka su biyu har tsohuwar nan ta shigo ta raba su. Ina tsaye a soro, takardar na aljihun rigata, don na ɗauko ta da safe ban san me zan yi da ita ba. Ta fito, idonta a kumbure, ta tsaya a gabana.

"Ban yi maka godiya ba," ta ce. "Kowa lallashina yake yi shekara bakwai. Kai kaɗai ka faɗa min gaskiya a gidan nan."

Na ce mata ba komai, yi wa kai ne. Na sunkuya na ɗauki akwatinta na kai mata mota.